Mari Biyu da Na Mayar Goma Sha Biyu

A gidanmu na Kwarbai, kakata ce ta laƙaba mini suna Gidan Rediyo. Wai in aka aike ni sayen gishiri, sai na dawo da gishirin da labari uku, biyu daga ciki ba su faru ba. Sharri take yi mini. Duk labarina ya faru, ni dai ina ɗan zuba masa mai ne don ya yi daɗin haɗiya. In na ga akuya ta tsallake kwata, kafin in iso gida ta tsallake ganuwa. Shekarata goma sha biyar yanzu, kuma har bara ban san wannan halin yana iya rufe mutum a ɗaki a sa kwaɗo ba.

Bari in faɗi yadda muke da 'yan sanda a cikin birni. Ba ma faɗa da su, ba ma kuma gaisawa. In ɗan sanda ya ratso lungunmu da kaki, sai kowa a zaure ya tuna bai yi alwala ba. In ya tsaya a ƙofar wani gida, ko tambayar hanya ya yi, gidan ya shiga bakin mutane sai baɗi. Babanmu ma'aikacin sakateriya ne, kakansa alƙali, kuma babban abin alfaharinsa shi ne tun da aka gina gidanmu ƙafar ɗan gidan ba ta taɓa taka caji ofis ba. Tun muna ƙanana aka koya mana amsa ɗaya: ban gani ba. Kowa ya san wanda ya kai rahoto shi ake fara zaunarwa a benci, wanda ya kai mai rauni asibiti shi ake tambaya me ya yi masa.

Wata Litinin an tashe mu daga makaranta, na biyo ta Ƙofar Gayan. A gabana akwai wani tsoho a kan keke, maɗinkin manyan riguna ne da duk unguwa ta sani, ya ɗaure wata riga a bayan keken. Ba wanda ya taɓa shi. Keken ne kawai ya fara layi, ya yi dama, ya yi hagu, ya tafi da shi, kansa ya bugi bakin kwalbati.

Nan da nan aka kewaye shi. Wannan yana salati, wancan yana cewa a kira 'ya'yansa, wani yana cewa kada wanda ya taɓa shi. Jini yana bin kunnensa. Mun fi mutum talatin, kowa hannunsa a baya kamar masu kallon dambe. Abin da na iya yi kawai, na ɗauke rigar da ta faɗo daga keken, na kakkaɓe, na miƙa wa wani mai facin taya da ke wurin.

Sai ga wani kurtun ɗan sanda ya fito daga ɗan ofishinsu na bakin ƙofa da gudu, dogo siriri, wuya kamar na zalɓe. Ya durƙusa, ya tallabo kan tsohon, ya ɗan bubbuga kumatunsa sau biyu.

"Baba! Baba, kana ji na?"

Tsohon bai motsa ba. Kurtun ya cire hularsa ya danne raunin da ita, ya ɗago ya dube mu.

"Jama'a, ku kama mini mana!"

Da'irar ta ƙara faɗi. Ya miƙe ya tare wata akori-kura, direban ya hango jini ya nemi ya kauce, kurtun ya maka wa ƙarfen motar kulki, gau! Sannan ta tsaya. Shi kaɗai ya sungumi tsohon ya sa a baya, ya hau, suka tafi.

Abin da ya faru ke nan. Ga kuma abin da na faɗa.

Da la'asar na kai bokiti layin famfo, na tarar da 'yan mata sun cika, ruwa yana zuwa kamar hawaye. Taro irin wannan ba na iya ƙyale shi. Na ɗaure ɗankwali a gefe kamar hular 'yan sanda, na miƙa wuya, na shiga taku. Faɗuwar tsoho ba abin dariya ba ce, sai na tsallake ta, na fara daga mari.

"Tas! Tas! Tas!"

"Mari nawa?" in ji wata.

"Goma sha biyu, ni na ƙirga. Kulki kuwa, gau! Har Wusasa sai da aka ji. Ya ɗaga shi sama kamar buhun gero, ya wurga a mota."

Ban ce motar aka buga ba. Ba wanda ya tambaya. Wata ta ce me tsohon ya yi masa, na ɗaga kafaɗa na ce wa ya san musu, ƙila lasin keke ne. Aka yi ta dariya har wata ta zubar da ruwanta. Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta ci gasa.

Washegari labarin ya dawo gidanmu a bakin mai kitso. Ya yi ƙiba, da ƙyar na gane shi. Wai ɗan sanda ya tare tsoho a kan lasin keke, ya mare shi sau goma sha biyu, ya fasa masa kai da kulki. Goma sha biyun nan ce ta tsaya mini a wuya, don na san gidan da ta fito.

Ran Laraba Baba ya dawo aiki yana ba Inna labari a tsakar gida. Tsohon bai farfaɗo ba. 'Ya'yansa sun kai ƙara. Samari sun yi wa ɗan ofishin bakin ƙofa ruwan duwatsu har an rufe shi. Kurtun kuma manyansa sun tsare shi a gadirum, an karɓe rigarsa mai jini an ajiye.

"Direban fa?" in ji Inna.

"Ya ce shi dai jini ya gani a hannun kurtun, kuma ga lotsawar motarsa nan. In tsohon nan ya cika, yaron nan ya shiga uku. Kisan kai za a rubuta."

Na ture kwanon tuwona gefe. Na ce wa kaina ai mun fi talatin, dole ɗaya ya yi magana. Da safe na bi ta wurin mai facin da gangan, na ji yana gaya wa wani cewa shi a lokacin yana masallaci. Mutumin da na miƙa wa riga a hannu! A aji malam yana lissafi a allo, ni goma sha biyu kawai nake gani. In mota ta tsaya a bakin lungu, sai in leƙa in ga ko su ne. In aka yi sallama, sai in nemi bayan ƙofa. Ban san wanne na fi tsoro ba, a zo a kama ni, ko kada kowa ya zo.

Ran Alhamis aka zo, amma ba da kaki ba. Namiji ba ya shiga gidan mutane a birni, ko ɗan sanda ne, mace kuwa ba a hana ta. Wata ce ta yi sallama da goyo a baya, ƙafafunta fututu da ƙura. Ta ce ita matar kurtun ce, daga Wusasa take. Na faɗa madafi na laɓe bayan turmi. Inna ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, aka gaisa kamar ba komai.

"Inna, gida na goma sha ɗaya ke nan da na shiga yau," in ji ta. "Ba ƙarya nake roƙo a yi masa ba. Wanda ya gani kawai ya faɗi abin da ya gani."

"Allah sarki. Mu da ke cikin gida, me za mu gani?"

"Ya ce akwai wata 'yar makaranta mai shuɗin kaya, ita ta ɗauke rigar tsohon daga ƙasa. Ya ce yarinyar nan ta ga komai."

"Masu shuɗin kaya ai sun fi ɗari a unguwar nan," in ji Inna. Ba ɓoye ni take yi ba, ita ma ba ta sani ba.

Matar ta gyara goyonta. "Da zai bi ta tawa, da ya tsaya a ofis ya yi kallo kamar kowa. Kullum ina gaya masa, mutanen da ba sa amsa maka sallama, me ya kai ka? Ya ce tsohon kamar babansa."

Da ta fita, Kaka ta jawo sandarta ta zo bakin madafi ta tsaya.

"Gidan Rediyo, yau an ɗauke wuta ne? Kwana uku ban ji labarai ba."

Sai kuka. Na faɗa mata duka, har da ɗankwalin da na ɗaure a gefe.

"Mari nawa?"

"Biyu. Ba ma mari ba ne, tashinsa yake yi."

"Goman fa?"

"Nawa ne."

Ba ta dake ni ba. Da ta dake ni da na fi jin sauƙi.

Ran Juma'a da safe tsohon ya rasu. Baba ya dawo daga jana'iza, bai ko cire hula ba Kaka ta kira shi ɗakinta, ta sa na maimaita a gabansa. Da na gama, ya dubi Kaka.

"Hajiya, 'ya mace? A caji ofis? Daga gidan nan?"

"Kakanka da kake ta ambato, aljanu ne suke ba da shaida a gabansa, ko 'ya'yan mutane?"

"Hajiya, ki duba abin da za a ce."

"An riga an ce, ita ta fara cewa. In kunya kake ji, ba ni mayafina in kai ta."

Baba ya miƙe. Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Ni kuwa ina zaune ina addu'a iri biyu masu karo da juna. Sai bayan sallar Juma'a ya leƙo ya ce in sa mayafi. Ya ce gidan makoki za mu fara zuwa, don su ne masu ƙara, bai kamata su ji a bakin 'yan sanda ba.

Zauren ya cika da maza, aka bi da ni ta gefe zuwa soron ciki, Baba ya kira babban ɗan mamacin. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, idonsa jawur. Na durƙusa na yi masa gaisuwa, na faɗi yadda keken ya yi layi, da yadda na ƙara yawan marin a layin famfo.

"Ke ce kika ce goma sha biyu?"

"Ni ce."

Na runtse ido ina jiran nawa marin. Bai zo ba.

"Me ɗan sandan ya ce masa da ya ɗaga shi?"

"Ya ce, Baba, kana ji na."

Ya juya ya fuskanci bango. Da ya juyo ya ce wa babanmu, "Malam, wata guda ke nan yana fama da jiri. Mun hana shi hawa keken nan, ya ƙi." Ya goge fuska da hannun riga, ya ce mu je tare.

Caji ofis ɗin da nake zato akwai sarƙoƙi a bango da ƙasusuwan mutane, ɗaki ne kawai mai warin fitsari, da kanta, da benci mai ƙafa uku da bulo. Wani sajan mai furfura ya dube mu kamar ya ga watan sallah da rana.

"Shaida? Da ƙafarta? Malam, shekarata ashirin a aikin nan. Kullum mu je mu tarar da mutum hamsin, duk makafi."

Bironsa ya ƙi rubutu, ya ari na Baba. Ya ce in faɗa a hankali, abin da idona ya gani kawai. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Da na zo kan kulki, harshena ya yi ƙaiƙayi, Wusasa ta zo har bakin leɓena, na haɗiye ta. Na ce sau ɗaya, a jikin mota. Ya karanta mini, labarin ya fito a bushe kamar tuwon da ba miya. Na sa hannu. Babban ɗan ma ya faɗi nasa na jiri, ya janye ƙara.

Bayan kwana biyu aka saki kurtun. Duk da haka sai da aka hore shi don ya bar wurin aikinsa ba izini, aka kuma mai da shi wani gari, wai don hankalin unguwa ya kwanta. Kafin ya tafi ya zo gaida Baba. Ya sa doguwar riga da hula kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya jingine kekensa can nesa da ƙofarmu don kada a ce. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Baba ya ce ya shigo zaure, ya ce a'a, nan ma ya isa. Ya ce a gode wa yarinya. Har yau ban sani ba ko an gaya masa wa ya fara ƙirga marin.

Baba bai ƙara yin maganar ƙafar 'yan gidanmu da caji ofis ba. Inna ta yi wata guda tana amsa tambayoyin mata a gidajen suna.

Labarin kuwa yana nan da ransa. Makon jiya a layin famfo na ji wata yarinya tana ba da shi, ta ɗaure ɗankwali a gefe, ta miƙa wuya, irin takuna sak. Marin ya kai ashirin. Na ajiye bokiti na ce biyu ne, kuma tashinsa yake yi, kulkin ma mota ya buga, ina wurin. Aka juyo ana kallona. Wata ta ce, "Ke dai kin lalace, da kin fi iya ba da shi." Ruwa ya zo, kowa ta jawo bokitinta.