Kunnen da ke Bencin Baya

Shekarun Baba Akawu sittin da tara, arba'in daga ciki ya yi su a ofishin lauyoyi guda, mai ɗaki biyu a saman wani kantin magani. Bai taɓa sa baƙar rigar lauya ba. Aikinsa ɗinke fayil da zare, kai takardu kotu, da sanin alƙalin da ke da gajen haƙuri.

Barista, wadda ofishin ke hannunta yanzu, ta zo masa ne sabuwa fil daga makaranta. In ta miƙe gaban alƙali bakinta ba birki, shi ya sa ya laƙaba mata Guguwa. Shi ya shirya musu dabara. Zai zauna a bencin baya da fayil a cinya, ita kuma takan waiga kamar mai neman takarda. Muddin fayil na buɗe, ta ci gaba da yi wa shaida tambaya. Da ya rufe, ta zauna. Shekara ashirin da biyu suna haka. Ta yi suna, ana cewa ta san inda ake tsayawa. Ita kuwa takan ce, "Ni baki ce kawai, kunnen yana baya."

Bara kunnen ya fara tafiya. Matarsa ce ta fara lura.

"Malam, sau uku ina kiranka. Ko sabon salon wulaƙanci ne?"

Ya ce ƙarar fanka ce. Bai gaya wa kowa ba. A ganinsa, akawun da ba ya ji, me ya rage masa ban da zaman ƙofar gida? Sai ya koma karanta fuskoki, kuma na ɗan lokaci abin ya yi.

Aka zo shari'ar wani kafinta. Magada na son fitar da shi daga shagon da ya ce mahaifinsu ya mallaka masa kafin ya rasu. Barista ce ke kare shi. Shaidan magada, wani tsohon maƙwabci, yana magana ƙasa-ƙasa. Baba Akawu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya ga alƙali ya ajiye biro, ya ɗauka an gama, ya rufe fayil. Ashe alƙalin ya ajiye ne don ya kasa kunne, domin tsohon ya soma cewa yana wurin ranar da marigayin ya yi maganar shagon. Barista ta ji shi sarai, tambaya na kan harshenta. Ta waiga, ta ga fayil a rufe, ta haɗiye ta, ta zauna.

Kafinta ya faɗi. Baba Akawu ya bi ta layin ranar da aka fito da kayansa. Ya ga zarto da katakai da wani gadon jariri da ba a gama ba, duk a bakin kwata.

Sai da ya kwana tara kafin ya shiga ofishin Barista ya turo ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ranar nan ban ji abin da tsohon ya ce ba."

"Ai kowa da ƙyar ya ji shi, Baba."

"Ba laifin muryarsa ba ne. Shekara guda ke nan ba na ji."

Can ta ce wani abu, kanta a sunkuye. Bai ji ba. Sai ta ɗago, ta maimaita a hankali yadda zai ga bakinta.

"Ni na ji shi, Baba. Na ji, kuma na zauna. Wannan kason nawa ne."

Ba ta sallame shi ba, amma bai sake shiga zauren kotu ba. Ya koma kan zare da allura. Shi ya ɗinke takardun ɗaukaka ƙarar kafintan, shafi ɗari biyu da sha ɗaya, ba kuma wanda ya san ko za su dawo da shagon.

Larabar da ta wuce ya kai su ofishin karɓar takardu na kotu da kansa. Ya bi layi har ya kai taga. Ma'aikacin da ke karɓa, wanda ya san shi shekaru, ya ce wani abu ta bayan gilashi. Baba Akawu ya matso, a gaban lauyoyi da akawunan da suka cika wurin, ya ce, "Ɗaga murya, ɗana. Ba na ji."