Kai Kwanon Hajiya Brooklyn

Ni Rifkatu, aikin kula da tsofaffi nake yi a New York. Wadda nake kula da ita, Mama Gunilla, 'yar Sweden ce mai shekara tamanin da doriya, idonta ya tafi. Tana budurwa ita ke zana kayan gilashi a wata masana'anta ta ƙauyensu, maza su hura. Bayan rasuwar mijinta, 'yarta ta kawo ta Amurka, ko kofi ɗaya na aikinta ba ta taho da shi ba. Wata rana ina juya mata tsofaffin hotuna ina faɗa mata abin da na gani, sai ga wani kwano shuɗi. Na san shi. Irinsa sak maƙwabciyata Hajiya Ramatu, 'yar zangon Kumasi, ke zuba goro a ciki. A shagon gwanjo ta saye shi.

Na roƙi Hajiya ta ba ni in kai wa Mama Gunilla. Ta ce, "Ke da kika fasa min fulas? Ƙafata ƙafar kwanona."

Concourse Village, 5:20 na asuba

Hajiya na idar da salla muka fito daga gidanmu a wannan unguwa. Ta naɗe kwanon da tawul biyu, da zane, da rigar sanyin mijinta Alhaji, ta rungume shi kamar jaririn da aka sallamo daga asibiti. Tafiyar minti takwas ce zuwa tashar jirgin ƙasa ta titi na 161, muka yi ta a sha biyar, don duk inda ta hango tsagewar siminti sai ta tsaya ta yi bisimilla.

A ƙofar shiga 'yan sanda biyu sun kafa tebur suna duba jakunkuna. Ɗaya ya nuna ƙunshin.

"Mene ne wannan, Madam?"

"Kwano."

Ya fara warwarewa. Da ya kai ga rigar sanyi ta Alhaji sai ya gaji, ya ce mu sauka lafiya.

Jirgin D

Ya iso 5:44. Ma'aikatan asibiti da magina sun cika shi, kowa na gyangyaɗi. Wani ɗan Nijar ya ji Hausarmu ya tashi ya ba Hajiya kujera.

"Hajiya, tuwo ne? A ɗan san mana."

"Gilashi ne, ɗana. Matsa da gwiwarka."

Muka wuce Harlem, muka ratsa ƙarƙashin Manhattan. Sai 6:25 muka ga sama, a kan gada, gari ya fara wayewa a bisa ruwa. Na ce Hajiya ta duba. Ta ce ita ba kallo ta zo ba, direban nan ya cika taka birki. A titi na 36 muka sauya zuwa jirgin R, muka jira shi minti tara a tsaye.

Bay Ridge, 7:05

A gidanta na Brooklyn, Mama Gunilla na zaune bakin taga da kofinta. Ina fargaba, don ban gaya mata komai ba, kuma in ba nata ba ne na jawo wa tsohuwa baƙin ciki a banza. Na gabatar da Hajiya, muka ɗora mata kwanon a cinya.

Ta shafa bakinsa, ta ƙwanƙwasa da farce ta saurara, ta juya gindin tana lalube har ta sami haruffan da aka karta. "Nawa ne," ta ce. Hajiya ta dube ni ta gyara ɗaurin kallabi, kamar ita ta hura shi.

Sai yatsan Mama ya tsaya a gefe, wajen wani ɗan ƙullutu da kumfar iska ta bari. Ta sake shafawa.

"Wannan ai na ce a fasa shi."

Ta ce lokacin tana sabuwar zuwa, ita kaɗai ce mace a gaban tanderu, masu hurawa suna yi mata dariya wai yarinya da fensir za ta koya musu aiki. Don haka ta sa doka: duk abin da ya fito da aibu, a fasa a gabanta. Ran nan ta fita da wuri, ta bar wa wani saurayi mai hurawa, Nils, umarnin ya fasa wannan. Washegari ya rantse ya fasa.

"Nils ɗin wane ne?" in ji Hajiya.

"Mijina. Shekara hamsin da ɗaya muna tare, kullum yana cewa bai taɓa yi min ƙarya ba."

Ta fashe da dariya har da tari, hawaye na zuba. Na miƙa mata ruwa, ta ture, ta ƙara rungume kwanon. Ta ce ta tuna yadda ya dafa ƙirji yana rantsuwa. Ashe har haruffan sunanta ya karta a asirce.

Da rana muka ci burodi da kifi mai tsami irin nasu. Hajiya ta ci loma ɗaya ta ce ta ƙoshi, Allah ya amfana. Da za mu tafi, ƙarfe ɗaya da rabi, na ɗauko tawul zan naɗe kwanon. Hajiya ta riƙe hannuna.

"Bar mata. Saƙon mijinta ne, ni ajiya aka ba ni."

Komawa

Muka hau jirgi ni da Hajiya, muka haye gada. Can ta yi tsaki ta ce, "Maza! Bari in je gida in zaunar da Alhaji. Akwai tambayoyi."

Mun shiga gida 3:10. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya. Alhaji kuwa, da ya buɗe mana ƙofa yana murmushi, na yi masa sannu sau biyu na wuce ɗakina.