Zan Ɗan Leƙa Tsafe

Ƙanena Attahiru, ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya dubi hagu da dama kafin ya ba ka amsa. Ni da na goya shi ban san shi da wannan hali ba, daga baya ya tsiro da shi. Iyayenmu sun rasu yana ƙarami, a hannuna ya tashi nan Damba. Ni na kai shi makaranta, ni na roƙi maigidana Malam Shehu ya kai shi koyon gyaran injin ban-ruwa. Yau ga shi da rumfarsa a bakin titi, manoma tun daga Bunguɗu har Tsafe suna kawo masa injuna, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya cuce shi ba. Kirki kam yana da shi, ba zan hana masa ba. Amma zurfin cikinsa ya isa ya sa wa mai lafiya hawan jini.

Asalin abin, kambun baka yake tsoro. Yana saurayi ya taɓa sayen babur, ya yini yana zaga unguwa yana nuna wa jama'a, ba a daɗe ba aka sace shi a ƙofar masallaci. Ɓarawo ne ya ɗauka, ɓarawo mai hannu da ƙafa, amma Attahiru ya kafe a kan cewa baki ne ya kama babur ɗin. Tun daga ranar ya sa wa bakinsa kwaɗo. In ya ɗinka sabuwar riga, sai ya wanke ta ta ɗan koɗe kafin ya saka. In ka ce masa ya yi ƙiba, sai ya ce ciwon haƙori ne ya kumbura masa kumatu. In na yi masa faɗa kuwa, amsarsa ba ta canzawa: "Yaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Na sha jin wannan karin magana har na tsane ta.

Ku ji yadda labarin baikonsa ya iske ni. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga maƙwabciyata Jummai, wadda asalinta 'yar Karakkai ce, ta shigo da ƙullin goro da alawa. Na ɓare alawa ɗaya na jefa a baki, sannan na tambaye ta ta bikin wa ce.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Kai Hanatu, ke ma da iya shiru kike. Ashe mun zama surukai ba ki faɗa ba? Ɗiyar yayana ce, Juwairiyya, aka yi wa baiko da Attahirunku."

Alawar baikon ƙanena nake tsotsa ban sani ba. Na rasa haɗiyewa zan yi ko tofarwa, sai na yi dariyar dole na ce ai muna nan muna shirin zuwa. Da ya dawo na tare shi tun a zaure. Ko a jikinsa, wai so yake abin ya kankama tukuna. Hatta Baffa Adamu, ƙanin mahaifinmu da ya jagoranci kai kayan, ce masa aka yi za a je Karakkai gaisuwa, sai a hanya ya ga huhun goro a bayan mota.

Na haɗiye fushina na shirya na je na ga yarinyar, kuma ta kwanta min. Malama ce a firamaren garinsu, ba ta da rawar kai, in ta yi magana kuma ba ta kwana-kwana. Mahaifinta Malam Bello manomi ne, gyaran injinsa Attahiru ya je har ya gan ta. Aka sa rana sai bayan girbi. A hanyar dawowa na ce masa, "Attahiru, aure ba a yin sa da baki a kulle. Duk wanda za ka ɓoye wa, ban da ita." Ya ce ya ji, irin jin da ke shiga ta nan ya fita ta can.

Ana tsakiyar damina, wata safiya ya leƙo ɗakina da 'yar jaka a kafaɗa ya ce, "Yaya, zan ɗan leƙa Tsafe." Na ce ya taho min da barkono in ya samu mai kyau. Har la'asar bai dawo ba, na kira wayarsa na ji ta a kashe. Na sake kira, a kashe. Gari ya waye, a kashe.

Wanda ba a nan yake zaune ba zai ce mene ne abin tayar da hankali don babban mutum ya kwana a waje. Mu mun san abin da ake nufi in mutum ya hau hanyar Tsafe wayarsa ta mutu. Da can in ka ji shiru sai a ce lafiya ce, amma ban da yanzu, ban da wannan hanya. Malam Shehu ya bi sawu, ya tarar da babur ɗin Attahiru a tashar Tsafe a kulle ƙarƙashin bishiya, ba wanda ya san inda mai shi ya yi. Ya je gidan Mahadi, aminin Attahiru, dillalin motoci. Matar ta ce Mahadi da abokinsa Anas sun tafi Kwatano ɗauko mota, su biyu ta sani, ba ta ji an ambaci Attahiru ba. Aka duba asibiti, aka kai rahoto wurin 'yan sanda. Daga nan ba abin da ya rage sai zaman jiran baƙuwar lamba, a ji abin da mutanen daji za su nema.

Ba na fatan ko maƙiyina ya yi irin wannan zama. Waya ta yi ƙara gabanka ya faɗi, ta yi shiru ma gabanka ya faɗi. Gida ya cika da masu jaje, mata suna shigowa da kwanonin abinci ba mai iya ci.

Malam Bello da kansa ya hau babur ya zo daga Karakkai, ya bar noma. Ya zauna a zaure ya ce wa maigidana, "Wanga yaro ɗana ne tun randa na amshi goronai. In sun kira, shanun huɗata na nan, a kai su kasuwa." Shanun huɗa fa, a tsakiyar damina, ga gero ko maimai ba a gama ba.

Juwairiyya ma ta zo tare da innarta. Yarinyar da kunya za ta hana ko bin layinmu, ta shigo gidan surukai ta nemi bayan ƙofa ta zauna, waya a tafin hannu. Jummai ce ta ja ni gefe ta gaya min dalili. Yayanta da take bi, a wannan hanyar aka ɗauke shi. Shi an kira, an kai abin da aka nema, amma bai dawo ba. Tun da ta ji labarin Attahiru take azumi, in an sha ruwa ma ruwan kawai take sha. Ban ga hawayenta a gaban mutane ba, sai dai in ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito ido jajur.

Ranar Juma'a bayan an sauko, malamai suna zaure ana addu'a, sai Malam Shehu ya yafito ni. Fuskarsa ta yi wani iri, ba ta kuka ba, ba ta dariya ba. Ya miƙo min wayarsa. Anas ne ya sa hoto a Fesbuk. Su uku ne a bakin teku. Ga Mahadi, ga Anas, ga ɗan'uwana a tsakiya, ya naɗe wando har gwiwa, da tabarau baƙi, ya riƙe kwakwa yana washe haƙora. A ƙasa an rubuta: "Mun kawo ango ya ga teku kafin a ɗaure shi."

Na fara da hamdala, wannan gaskiya ne, har sujada na yi. Amma kafin in ɗago goshina fushi ya riga ya cika min ƙirji, da yana kusa da sai na karya muciya a gadon bayansa. Sai kuma kunya. Ta yaya zan fita in ce wa mutanen da suka bar gonakinsu su tashi, wanda ake wa addu'a yana can yana shan kwakwa? Kuma abin takaici, shi da ke gudun baki, ga shi abokinsa ya shelanta wa duniya tafiyar da auren a layi ɗaya.

Malam Bello ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ya ce alhamdu lillahi, ya sa takalmansa ya fita, ko ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba. Juwairiyya ta ce a ba ta ta gani. Ta sa yatsu ta buɗa hoton har fuskarsa ta cika gilashin, ta dube shi da kyau, ta mayar min. Ta gyara hijabinta ta ce, "Yaya, sai an jima," ta bi bayan innarta.

Sai ga gogan naka ya dawo, ya yi baƙi, yana fara'a, da akwatuna niƙi-niƙi a bayan motar Mahadi. Ashe lefe ya je haɗowa, wai atamfa da leshi sun fi sauƙi a can, kuma in ya haɗa a nan idon mutane zai hau kai. Shi ya sa abokan suka rantse ba za su ambaci sunansa ko ga matansu ba. Waya kuwa, tun daga Tsafe ya kashe ta don kada a tambaye shi ina yake, da suka ƙetare iyaka layin ya daina aiki gaba ɗaya. Har da tsarabata: gorar ruwan teku, wai an ce yana maganin baki.

Na ce, "Ka ce min Tsafe za ka."

Ya ce, "Ai ban yi ƙarya ba Yaya, na leƙa Tsafe. Can na bar babur."

Na kwance murfin gorar na tsiyaye ta a makwarara yana kallo. Sannan na zaunar da shi na ba shi labarin komai, shanun Malam Bello, da azumin yarinyar, da yayanta. Labarin yayan bai ma sani ba, don wanda ba ya faɗar nasa ba ya tambayar na wani. Ina magana fara'ar tana zubewa, har ya sunkuyar da kai.

Muka ɗunguma Karakkai ban haƙuri, ni da shi da Baffa Adamu, da akwatunan. Na zaci dattijon zai yi faɗa, na ma so ya yi, ko a huce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ni ba ni da ta cewa. Ni shanu na yi niyyar badawa, ga su can turke ba abin da ya same su. Ɗiyata ita ta ba da abin da ba ya dawowa. A kira ta."

Ta fito ta zauna kusa da innarta. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba, Attahiru ya buɗe baki. Ya faɗi hanyar da suka bi, da inda suka kwana, da abin da suka ci, da yadda ya yi ta zaɓen kalar da ya san tana so. Ya zuge akwati yana ɗago turame ɗaya bayan ɗaya. Maganar da ya tara tun satar babur ya zazzage ta a tabarmar nan.

Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Malam Attahiru, bakin wa kake tsoro? Har da nawa?"

Ya ajiye turmin da ke hannunsa.

Ta ce, "Na yafe maka, tsakanina da Allah. Amma kukan da ake yi wa mamaci na riga na yi maka shi, na gama. Na yi wa yayana, na yi maka. In na aure ka, duk randa ka ce za ka leƙa Tsafe sai na nemo wani sabo, ni kuwa ba ni da saura." Ta juya ga mahaifinta ta ce, "Baba, a mayar masu da kayansu."

Baffa Adamu ya yi roƙo, ni ma na yi har da hawaye. Amma a zuciyata na san da ni ce, abin da zan faɗa ke nan. Muka dawo da akwatunan, suna nan a ɗakina sun cinye min wuri, kullum sai na yi tuntuɓe da su.

To yanzu wata sabuwar jarabar ta same ni. Mutumin da ba ya faɗar komai ya koma ba abin da yake bari. "Yaya, na fito rumfa." "Yaya, na tsaya shan mai." "Yaya, na ɗinka riga, shuɗiya ce." Ina tuƙa tuwo waya, ina salla waya. Na ce masa ni ba tashar mota ba ce da za a riƙa sanar da ni shiga da fita, amma gobe sai ya ƙara. Kuma duk masifata ban taɓa ƙin ɗauka ba, don na san ba ni ce ya so ya riƙa kira ba.

Shekaranjiya Jummai ta shigo tana ta kame-kame, ta ajiye min ƙullin goro da alawa a gefen tabarma, ta fita ba ta zauna ba. Ban tambaye ta na wa ne ba, na san na Juwairiyya ne. Ina zaune ina kallon ƙullin wayata ta yi ƙara.

Ya ce, "Yaya, na gama aikin Bunguɗu, na kamo hanya. Zan wuce ta mararrabar Karakkai, amma ba zan shiga ba."

Na ce, "Na ji."

Ya ce, "Akwai wani labari a gida?"

Na ce babu, Allah ya tsare hanya, na jawo faifai na rufe alawar.