Tsoho Mai Yatsu Uku a Filin Harbi

Narelle ba ta san sunansa ba, amma tun safe take jin haushinsa. Yana tsaye kusa da ita a filin harbi na kulob ɗinsu da ke bayan garin Toowoomba, tsoho siriri da hular da rana ta cinye, fuska a murtuke. Ya jera harsasan da ya ɗura wa albarushi a gida bisa tawul, yana auna tsawon kowanne kamar mai sayar da zinariya. Yatsu uku ne a hannunsa na hagu. Wataƙila injin gona ne ya ci sauran, in ji ta a ranta. Ita kuwa jiya ta ɗura harsasanta hamsin na farko a gareji, tana hira a waya.

Ta harba huɗu lafiya lau. Na biyar ya ce "fut", kamar an buɗe kwalbar lemo. Ta mayar da yatsa kan kunamar bindigar.

"Ke, ajiye ta!" tsohon ya daka mata tsawa. "Wannan ba albarushi a cikinsa, kan harsashin ya maƙale a bututu. Kika ƙara ɗaya a bayansa, ƙarfen zai tarwatse miki a hannu. Kin auna albarushin kuwa?"

"Na auna mana, Baba."

"Duka hamsin?"

Ta kalli sauran harsasanta. Ya ɗaga mata hannun hagun dab da hancinta, yana huci.

"Ni arba'in da tara na auna."