Kunnen Mas'udu Mai Niƙa

Shekara ashirin da biyu Mas'udu ya yi yana tsaye kan injin niƙa a bakin kasuwar Talata Mafara, har injin ya cinye masa kunne. Sai ka ɗaga murya kamar mai kiran shanu kafin ya juyo. Mutane kuwa ba su da haƙuri, a gaishe shi a wuce.

A bayan rumfarsa akwai tsohuwar talabijin da wani tsohon wasan gem na ninja, tun na zamanin samartakarsa. Ɗan mutum ne cikin baƙaƙen kaya, yana laɓe-laɓe a kan rufin gidaje, masu gadi na nemansa. Wasan ba ya ajiye inda ka tsaya; ka faɗi, ka koma farko. Kuma mai gadi takunsa ake fara ji kafin ya bayyana. To, ina kurma ina jin taku?

Surajo ne kunnensa. Manomi ne daga Dakko, kowace Talata in ya sayar da tattasai sai ya biyo da la'asar. Mas'udu na danne-danne, Surajo na saurare. Ya ji taku, sai ya taɓa gwiwar Mas'udu, ninja ya shige inuwa. Ba sa wata hira. A haka suka kai ƙofar ƙarshe sau uku, wuta na ɗaukewa kafin su shiga.

Da hanya ta lalace saboda rashin tsaro, Surajo ya kwashe iyalinsa suka koma Sakkwato. Mas'udu ya zauna shi kaɗai, ya haddace masu gadin nan ɗaya bayan ɗaya, har ya iya kaiwa ƙofar ƙarshe ba kunnen kowa. Amma bai taɓa shiga ba. Sai ya laɓar da ninja a gindin bango, ya kashe talabijin. Abin da aka fara tare, ai ba a gama shi a bayan idon mutum. Kewa dai ta dame shi, ba ya faɗa ne kawai.

Bayan shekara biyu, wata Talata, sai ga Surajo a kan babur, ya zo Bakura ta'aziyya, ya ƙaraso nan. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da hanya. Mas'udu har ya ɗaga labulen bayan rumfa.

Surajo ya leƙa, ya yi dariya, ya matso kusa da kunnensa. "Kai Malam Mas'udu! Har yanzu kana wanga wasa na yara? Ni wallahi na mance da shi."

Wannan kam Mas'udu ya ji ta sarai. Ya saki labulen.

"A'a, ƙura ɗai nika kakkaɓe mai," in ji shi.

Ya raka shi bakin titi, ya yi masa Allah ya kiyaye hanya. Da ya dawo, wata mata na jira da kwanon gero. Ya tayar da injin.