Akuyar Katako

A shekarata ta uku ina gadi a wani rukunin gidaje a Al Rayyan, kusa da Doha, Turawan wurin suka shirya wasan tuna wani tsohon yaƙinsu. Masu son fitowa a soja har sun yi yawa, kowa yana so ya rataya bindigar roba. Talakawan da za su yi gudun hijira ne aka rasa, sai aka waiwayo mu ma'aikata. Ko a wasa ma dai mun san matsayinmu.

Ni ban so ba. Mu shida ne a ɗakinmu na unguwar Najma, kuma babu wanda ya san na taɓa gudun hijira na gaske. Ce musu na yi ni ɗan birni ne. Na tsani kallon tausayi, na kuma ƙudura zan bar ƙasar nan ba wanda ya yi min shi. Amma ogan masu gadi ya riga ya ba da sunana.

Wata dattijuwar Baturiya ce mai tsara wasan. Ta ba ni kwat mai kauri, a zafin Doha, da malafa da akwatin fata da ba komai a ciki. Wai ni manomi ne. Aka kafa min gidan kwali a filin ƙwallo, aka ɗaure akuyar katako a ƙofa don ado. Aikina ba yawa: da jiniya ta yi kuka in ɗauki akwati, in shiga layi, in ɓata fuska.

Ranar gwaji da la'asar jiniya ta yi kuka. Na yi taku kamar goma, sai na yar da akwatin na koma a guje. Ban ankara ba na gan ni a durƙushe ina kwance igiyar akuyar. A ƙauyenmu haka ake yi, in gudu ya kama sai a saki dabba ta nemi abincinta.

Wuri ya kaure da dariya. Abokin ɗakina, direba ɗan zangon Kumasi, yana cikin layin da ƙunshi a kafaɗa. Ya ɗaga murya, "Massa, yalla, mu tafi! Akuyan katako ne fa, ina zai je?"

Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni wa ya koya min. Na ce ai kowa ya sani. Ta ce gobe a wasan in sake yi.

A bas, abokin nawa bai ƙara tsokanata ba. Sai da muka kusa Najma ya ce a hankali, "Ɗan birni bai san wannan ba."

Na gaji da ɓoyo, na faɗa masa. Ranar da muka gudu, ni aka ce in kwance awakin innata guda uku. Tsoro ya sa na wuce su suna kuka. Bayan watanni na koma, na tarar da igiyoyin a jikin turke, da ƙasusuwa.

Na jira kallon nan da na tsana. Shi kuwa titi yake kallo. Can ya ce, "Gobe ka kwance shi a natse. Ni zan riƙe maka akwatin."