Amanar Lambar Sirri

A da, idan ɗan ci-rani ya sauka a unguwar Agege ta Legas, ƙungiyarmu takan rubuta shi a wani babban littafi mai baƙin bango: sunansa, ƙauyensu, da wanda za a nema in wani abu ya same shi. Iyakar aikinmu ke nan tun kafuwar ƙungiyar. Littafin yana kan tebur, kowa yana iya buɗawa. Yanzu kwamfuta ce ke riƙe da sunayen, kowane mutum kuma yana yawo da ɗan kati a aljihu, ba komai a jikinsa sai lamba da hatiminmu. Na zauna a Kumasi da Abidjan, na yi shekaru a Jidda, kuma ko'ina na ga yadda Hausawa ke adana sunayen junansu a ƙasar baƙunta. A Kumasi wani tsoho ne ya haddace su a ka. Amma ban taɓa ganin inda aka kulle su ba sai a wurinmu.

Wata ƙungiyar agaji ce ta ba mu kwamfutar. Sakatariyarmu, haifaffiyar Legas da Yarabanci ya fi zama a bakinta, ta yi makonni tana kwashe sunaye. Da ta gama aka kai littafin sito, inda rufi ke yoyo. Damina ɗaya ta ishe shi.

Ranar da injiniya ya zo haɗa kayan, ya tambaya wa zai riƙe lambar sirrin da ake buɗe kwamfutar da ita. A wurinmu ba a yin irin wannan tambaya. Makullin ofis yana hannun babba, hatimi ma haka. Babbanmu kuwa shi ne shugaba, Alhaji, Bakano, tsohon ɗan kasuwar goro da bai yi boko ba. Ni ne mataimakinsa, kuma abokin wasansa, don ni Bazazzagi ne. Injiniya ya ja shi gefe ya koya masa inda zai danna, sannan ya ce, "Baba, kada ka faɗa wa kowa, musamman a waya. Ko muryata ka ji, ba ni ba ne."

Alhaji ya ce, "Na karɓa." Da irin muryar da ake karɓar riƙon maraya ya faɗa.

Daga nan kowace safiya sai ya shigo, mu juya mu fuskanci bango, ya cire hula ya rufe hannunsa da ita, ya danna da yatsa ɗaya. Ranar da mura ta kama shi, kwamfuta ma takan huta. Na taɓa ce masa a Abidjan mutum biyu ke riƙe irin wannan abu.

Ya ce, "To ka koma Abidjan ɗin mana. Bazazzagi da ko sirrin miyar gidansa ba ya riƙewa."

Wata Talata ya tafi ta'aziyya wani ƙauye bayan Kano. Ranar Laraba da hantsi aka kira mu daga wani asibiti a wajen Ketu. Mota ta take ƙafar wani ɗan dako, ba ya cikin hayyacinsa, wayarsa ta ɓace a wurin, katinmu kaɗai aka samu a aljihunsa. Na je da kaina. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, ban san fuskarsa ba. Likita ta ce ƙafar tana buƙatar babban aiki, mai yiwuwa har a yanke, kuma tana son ɗan'uwansa ya sa hannu. Ta ce kowace awa tana da muhimmanci.

Na koma ofis muka kira Alhaji. Sai da aka gwada sau biyar kafin ta shiga. Na yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya. Amma wa ke magana?"

"Ni ne, Alhaji. Shekara arba'in muna cin tuwo tare."

"Muryar dai tasa ce."

"To faɗi lambar."

"Ai abin da aka ce mini za ka ce ke nan."

Sakatariya ta fizge wayar. "Baba, e jo, don Allah! Mutum ne fa a kwance!"

Ya ce, "'Yata, in ke ce, ai da kunnenki kika ji aka ba ni amanar nan. In kuma ba ke ba ce, Allah ya shirye ki. Ga ni nan zuwa, yanzu zan nemi mota."

Injiniya kuwa ya bar aikin tuntuni, layinsa a kashe. Da hoton majinyacin da na ɗauka a wayata na shiga motar danfo zuwa kasuwar Ketu, na bi masu shayi da direbobin manyan motoci ina nunawa. Kowa ya san shi, ba wanda ya san danginsa. Wani ya ce Basakkwace ne, wani ya rantse daga Maraɗi yake, don ya ji yana ƙirga buhuna da Faransanci. La'asar ta yi ina nan.

Na koma asibiti na ce wa likita ni zan sa hannu. Ta tambaya mene ne tsakaninmu. Na ce ni dattijon ƙungiyarsu ne, kuma a garin nan ba shi da uban da ya wuce ni. Ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta miƙo biro. Aka yanke daga ƙasan gwiwa. Ban tambaye ta ko da an sa hannu tun da hantsi da an ceci ƙafar ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Alhaji ya iso ranar Alhamis da yamma, ƙafafunsa a kumbure saboda zaman mota. Bai biya ta gida ba. Muka juya ga bango, ya danna. Sakatariya ta shigar da lambar katin, sai ga suna ya fito, da lambar wayar wansa. Wan nasa yana sayar da albasa a Oyingbo. Cikin awa biyu ya iso asibiti.

Washegari bayan Juma'a Alhaji ya je dubiya. Ya daɗe tsaye a gefen gadon bai zauna ba. Da muka fito ya ce mini, "Amana na riƙe."

Na ce, "Ka riƙe, Alhaji."

"To me ya sa na kasa kallon idonsa?"

A wannan karon ban tsokane shi ba. A taron Lahadi shi da kansa ya kawo maganar. Tun daga ranar mutum uku ke riƙe da lambar sirri, ana kuma buga sunayen a takarda duk wata a ajiye a kan tebur. Alhaji ya ci gaba da riƙe makullin ofis da hatimi, amma bai ƙara taɓa kwamfutar ba.